Fursunonin Yaƙin da Ba Su Dawo Gida Ba

Fursunan yaƙi shi ne sojan da ya faɗa hannun abokan gaba a yaƙi tsakanin ƙasashe. Yarjejeniyar Jeniba ta uku, ta 12 ga Agusta 1949, ita ce ta tsara haƙƙinsa. Sashe na 118 ya ce da zarar an daina ɓarin wuta a sake shi, a mayar da shi gida ba tare da jinkiri ba. Najeriya ta shiga yarjejeniyar a 1961, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan Bauchi.

A doka, nauyi na kan ƙasar da ke riƙe da fursuna: ciyar da shi, kula da lafiyarsa, da miƙa sunansa ta hannun ƙungiyar Red Cross ta duniya. Amma muhawarar da ta fi zafi a gida ake yinta, inda iyalai ke tuhumar gwamnatinsu da cewa ta sa hannu a takardar sulhu alhali ba ta ƙirga 'ya'yanta ba.

Amurka ce aka fi buga misali da ita. Bayan sulhun Faris na Janairu 1973, fursunoni 591 suka dawo daga yaƙin Biyetnam, iyalai kuwa suka ƙi yarda cewa su ke nan. Kwamitin Majalisar Dattawa da John Kerry ya jagoranta ya ce a 1993 babu gamsasshiyar hujja cewa akwai Ba'amurke a tsare da rai, amma zargin bai mutu ba. Kuma masu zargi ba su rasa abin kafa hujja ba, don an ga irin haka a wasu wurare. Kimanin Jamusawa 10,000 sun ci gaba da zama a hannun Tarayyar Sobiyet har sai da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Konrad Adenauer ya je Mosko da kansa a 1955. Cho Chang-ho, hafsan Koriya ta Kudu da aka daɗe da sa wa a layin matattu, ya tsero daga Koriya ta Arewa a 1994. Ƙungiyar Polisario mai neman 'yancin Yammacin Sahara kuma ba ta saki sojojin Maroko 404 na ƙarshe ba sai 2005, shekara 14 bayan tsagaita wuta.

Masu kare gwamnatoci na cewa ba a sake kunna yaƙi saboda jita-jita, kuma biyan fansa na koya wa abokin gaba garkuwa da mutane. Hujjar tana da nauyi, sai dai ba ta wanke gwamnatin da ta ɓoye wa iyali abin da ta sani ba.

A Bauchi da Gombe maganar ta fi taɓa rikicin Boko Haram. Shi rikici ne na cikin gida, don haka wanda aka kama ba shi da matsayin fursunan yaƙi. Sashe na 3 da yarjejeniyoyin Jeniba guda huɗu suka yi tarayya a kai ne ke kare shi. A 2019 Red Cross ta ce tana da rajistar 'yan Najeriya kusan 22,000 da suka ɓata. A Malam Sidi ta jihar Gombe kuma akwai sansanin Operation Safe Corridor, inda ake gyara halin tubabbun mayaƙa, abin da ke sa wasu iyalan sojoji tambayar ina nasu.

Fiƙihun Malikiyya ya riga ya yi magana. Fanso wanda aka kama wajibi ne daga baitulmali. Matar wanda ya ɓata, wato mafƙudi, idan a ƙasar Musulmi ya ɓata ba a fagen yaƙi ba, alƙali na yanka mata shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara, sannan ta yi takaba. Matar wanda aka san yana tsare kuwa aurenta na nan muddin akwai abin ciyar da ita, kuma ba a raba gadonsa. Saboda haka takardar da rundunar soja ta ba iyali, ko "ya rasu" ko "ya ɓata", tana da tasiri a kan aure, gado da kuɗin sallama.