Pikan Ili da dokar ƙasar Sin: "mataki na biyu" ba sassauci ba ne

Masu ganin hoton pikan Ili, ɗan dabbar nan mai kunnuwa a tsaye da ke leƙowa daga tsagar dutse, sun kasu biyu. Wasu na neman a kamo musu su kiwata, wasu kuma na cewa ai hukumomin Sin da kansu ke sa wa pika guba, to ina wata doka? Duka sun yi kuskure.

Wanda ake sa wa guba pikan makiyayar Tibet ne, da ake zargi da ɓata ciyawa. Na Ili daban yake. Dangin zomo ne, yana zaune a duwatsun Tiyanshan na yankin Shinjiyang na ƙasar Sin, a tudu mai tsayin mita 2,800 zuwa 4,100. Wani mai bincike ɗan ƙasar Sin, Li Weidong, ne ya gano shi a 1983, kuma ana ƙiyasin waɗanda suka rage ba su kai 1,000 ba. A Fabrairun 2021 aka sa shi cikin jerin namun dajin da ƙasa ke karewa, a mataki na biyu.

Wannan "na biyu" shi ke ruɗa mutane. Wani bambancinsa da na farko a wajen izini yake: hukumar lardi ke ba da takardar kama shi don bincike da makamantansa, na farko kuwa sai gwamnatin tsakiya. Amma sashe na 341 na dokar manyan laifuka ya haɗa su duka. Kuma ba mafarauci kaɗai ba, har mai saye, mai sayarwa da wanda ya ɗauko a mota. Ɗauri ne har shekara 5 da tara. In laifin ya yi tsanani, 5 zuwa 10. In ya wuce haka, sama da 10, ana ma iya ƙwace dukiya.

Tun 2022 kotu na auna tsananin ne da kuɗin da aka yi wa dabbar: daga yuwan (kuɗin Sin) 20,000 ake shiga matakin hukunci na farko, daga 200,000 na biyu, daga miliyan 2 na uku. Nan ne hankalina bai kwanta ba. Dabbar da ba ta kai dubu ba a duk duniya, wane farashi ne zai yi mata adalci?

Babbar barazanar ma ba tarko ba ce. Ɗumamar yanayi na narkar da ƙanƙara tana tura pikan sama, makiyaya kuma na biye da shi da garkuna da karnuka, alhali sashe na 341 bai ce komai a kan kiwo ba.