Ɓangaranci a siyasar Zariya

Ɓangaranci a siyasa shi ne mutum ya jingina ra'ayinsa ga jam'iyya, ko ƙabila, ko addini, ko ubangidansa, har ya zamanto ba ya auna magana sai ya fara jin daga bakin wa ta fito. Ba ɗaya yake da aƙida ba. Mai aƙida yakan bar jam'iyya idan ta kauce wa abin da ya yarda da shi, amma ɗan ɓangaranci abin da ya yarda da shi ne yake sauyawa duk ranar da jagora ya sauya sheƙa. Jama'a kan kira irin waɗannan mutane 'yan amshin Shata ko 'yan gani-kashe-ni. A Zariya, babban birnin masarautar Zazzau a Jihar Kaduna, lamarin ya girmi jam'iyyun siyasa, kuma ya daɗe yana zaune gari ɗaya da masu ja da shi daga cikin malamai da 'yan boko.

Barantaka da gidajen sarauta

Tun bayan jihadin farkon ƙarni na 19, sarautar Zazzau tana yawo ne tsakanin gidaje huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Masanin zamantakewa M. G. Smith, a littafinsa Government in Zazzau na 1960, ya nuna yadda sabon sarki kan tuɓe masu sarautar da ya tarar daga gidajen da ke takara da nasa, ya naɗa 'yan'uwansa da barorinsa. Saboda haka arzikin mutum yana ɗaure da na ubangidansa. In ubangida ya hau, bara ya samu doki da riga da gari. In ya faɗi, tare za a faɗi. Wannan ita ce barantaka, kuma ba abin kunya ba ce a wancan tsari, hanya ce ta neman tsaro da ci gaba. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma abu na farko da bara ke biya da shi shi ne bakinsa: ba ya musa wa ubangida a gaban mutane.

Da siyasar jam'iyyu ta zo, ba ta rushe wannan tsari ba, a kansa ta zauna. Har yau a unguwannin Birni ana cewa wane yaron wane ne kafin a ambaci jam'iyyarsa.

Zamanin NPC da NEPU

Zariya na cikin wuraren da aka haifi siyasar Arewa. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma tarurrukan da aka yi a Kaduna da Zariya a 1948 su suka haifar da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa ya fara shugabanta. Ita ce ta rikiɗe ta zama NPC a 1951. A ɗaya ɓangaren kuma akwai NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta shahara da Malam Aminu Kano da kiran ceto talakawa.

Gasar ba ta zo daidai ba, domin En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, ce ke riƙe da 'yan doka da kotunan alkalai da gidajen yari, ita ce kuma ke ba da izinin yin lacca, manyanta kuwa galibi mutanen NPC ne. Shiga NEPU kan jawo wa mutum ɗauri ko bulala bisa zargin zagin sarki ko taro ba izini. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta tashi a Sabon Garin Zariya ta jagoranci matan NEPU, ta sha duka da ɗauri, ana lissafa shigarta gidan yari har sau 16. Ta rasu a 2001, yanzu kuma babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. A zamanin NPC da NEPU ne aka fara jin 'yan banga, gabar siyasa ta shiga cikin dangi, ta taɓa aure da zumunci. Kowane ɓangare ya riƙa kallon ɗaya ba a matsayin mai kuskure ba, a matsayin mutumin banza: ga ɗan NPC, ɗan NEPU mara kunya ne wanda bai san girman manya ba, ga ɗan NEPU, ɗan NPC karen azzalumai ne.

Ƙabila da addini

Tsohon Lardin Zazzau ya haɗa da ƙasashen Atyap da Bajju da wasu ƙabilu na kudu, waɗanda da yawansu suka daɗe suna ƙorafin mulkin hakiman da ake turo musu daga Zariya. Wannan ƙorafi ya samu mafaka a ƙungiyoyin Tsakiyar Najeriya irin su UMBC a shekarun 1950, daga baya ya zama rabuwar Arewa da Kudu da ta dabaibaye siyasar Jihar Kaduna. Rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu har Zariya, aka ƙona coci-coci. Bayansa aka yi na Zangon Kataf a 1992 da na Shari'a a Kaduna a 2000. Kowanne ya ƙara raba mazauni, ya kuma sauƙaƙa wa 'yan siyasa aiki: maimakon a kawo hujja, sai a ce wane namu ne.

Garin Zariya kansa bai yarda da wannan lissafi mai sauƙi ba. A Wusasa akwai Hausawa Kiristoci tun zamanin mishan na Dokta Walter Miller, a can ma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya tara masa Yarbawa da Ibo da Nupawa da wasu, har jikokinsu ba su da wani gari sai shi. Ita kanta Gambo Sawaba mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya.

Tsige Balarabe Musa

A 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, ya ci gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina, amma jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye a majalisar dokokin jihar. Majalisar ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin da ya aika, ya yi mulki ba kwamishina, a watan Yunin 1981 kuma ta tsige shi. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a Najeriya. A daidai lokacin PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, mutanen da jiya suke kiran juna 'yan gwagwarmaya suka koma ba sa ga maciji.

Yadda abin yake aiki a yau

Kalmar da ta fi bayyana ɓangarancin wannan zamani ita ce "sak", wadda ta shahara a takarar Muhammadu Buhari: a dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, ko wane ne ɗan takarar. Takardar ƙuri'a ma ta taimaka, domin tambarin jam'iyya ke kanta, ba sunan mutum ba. Da yawa sun shiga majalisa ta wannan hanya alhali masu zaɓensu ba su taɓa jin muryarsu ba. Mafi munin abin da zafin ya haifar shi ne rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka sama da 800 a jihohin Arewa 12, Kaduna ce kan gaba. A Zariya an cinna wa gidan mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Namadi Sambo, wuta, duk da kasancewarsa ɗan gari.

Kuɗin man fetur ya nuna yadda abu ɗaya ke samun hukunci biyu. A Janairun 2012, da gwamnatin Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, biranen Arewa suka cika da zanga-zanga har aka sauko da shi 97. A Mayun 2016 gwamnatin Buhari ta ɗaga shi daga naira 86.50 zuwa 145, aka ce a yi haƙuri, gyara ake yi. Waɗanda suka kare ƙarin farko su ne suka fi ɗaga murya a na biyu, waɗanda suka fito titi a na farko kuma suka koma masu ba da uzuri.

Wurin da ake ƙulla wannan ra'ayi shi ne majalisa: benci a ƙofar gida bayan La'asar, ko teburin mai shayi a Tudun Wada da Samaru. Wani zai kunna sautin da aka turo masa ta WhatsApp, ko a saurari sojojin baka a rediyo, mutanen da ake biya su yabi wane su caccaki wane. Wanda ya ce a dakata a bincika, tambayar da zai fara sha ita ce nawa aka ba shi. In ɗan jam'iyya ne, a ce yana zagon ƙasa. In maganar ta shafi addini, a ce munafuki ne. Hukuncin ba ɗauri ba ne kamar na zamanin En'e. A daina kiransa taro ne, a cire sunansa daga rabon taki ko kayan azumi, abokai su ja baya. Ga matashin da ba shi da aiki, wannan ba ƙaramar asara ba ce, shi ya sa bai dace a ɗora komai a kan jahilci ba. Masu digiri ma suna yi, sau da yawa sun fi ƙwarewa wajen nemo wa ubangida hujja.

Ba halin Zazzagawa kaɗai ba ne. Ibn Khaldun ya yi dogon bayani a kan asabiyya tun ƙarni na 14. A Amurka, gwajin Solomon Asch na shekarun 1950 ya nuna mutane na bin amsar da suke ganin kuskure ce don kawai sauran 'yan ɗakin sun faɗe ta, binciken Geoffrey Cohen na 2003 kuma ya gano mutane na goyon bayan manufa ko ƙin ta gwargwadon jam'iyyar da aka ce musu ta kawo ta.

Doka

Sashe na 222 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana jam'iyya ɗaukar suna ko tambari mai alamar ƙabila ko addini, Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta haramta yaƙin neman zaɓe da su. Amma kundin bai ba da damar tsayawa takara ba tare da jam'iyya ba, don haka duk mai son kujera sai ya bi ta hannun masu riƙe da jam'iyyar.

Masu ja da shi

Jami'ar Ahmadu Bello, da aka buɗe a 1962, ta zama cibiyar muhawara a shekarun 1970 da 1980. Masanin tarihi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005, ya dage a kan cewa manya ne ke amfani da addini da ƙabila don rufe cin dukiyar jama'a, ya wallafa littafi a kan haka a 1987. Gwamnatin soja ba ta ji daɗin irin wannan koyarwa ba; a 1988 ta kori Dokta Patrick Wilmot, malami a jami'ar, daga ƙasar.

Masu zaɓe ma ba kullum suke bin sak ba. A 2023 Atiku Abubakar na PDP ne ya fi samun ƙuri'u a Jihar Kaduna a zaɓen shugaban ƙasa, PDP ta kuma lashe kujerun sanata uku na jihar, har da ta Kaduna ta Arewa da Zariya ke ciki. A rana ɗaya mazaɓar Zariya ta mayar da Abbas Tajuddeen na APC Majalisar Wakilai, inda ya zama kakaki a watan Yuni. Makonni uku bayan zaɓen farko, Uba Sani na APC ya ci gwamna da ratar da ba ta kai ƙuri'a 11,000 ba.