Tsohon Rediyo Mai Bawul: Yadda Ake Gane Shi da Ƙiyasta Darajarsa

Rediyo mai bawul akwatin rediyo ne da ke kama tasha yana ƙara wa sautinta ƙarfi ta hanyar wasu kwalaben gilashi da aka zuƙe iskar cikinsu, waɗanda ake kira bawul. A cikin kowace kwalba akwai siririyar waya da ke yin zafi idan wuta ta bi ta, shi ya sa irin wannan rediyo ba ya magana nan take, sai ya ɗan ɗumama. John Ambrose Fleming ne ya ƙirƙiro bawul na farko a Ingila a 1904, sannan Lee de Forest ya ƙara masa waya ta uku a Amurka a 1906, abin da ya ba shi ikon ƙara ƙarfin sigina. Daga farkon shekarun 1920, lokacin da gidajen rediyo irin su KDKA ta Pittsburgh da BBC suka soma watsa shirye-shirye, har zuwa shekarun 1960 da tiransisto, ƙaramar na'urar da ke yin aikin bawul ba tare da ɗumamawa ba, ya ture shi, bawul ne ke cikin kusan kowane rediyon gida.

An ƙera miliyoyinsu. Wannan ne abu na farko da ya kamata mai neman sanin darajar nasa ya riƙe, domin tsufa kaɗai ba ya sa rediyo tsada.

Gano kamfani da samfuri

Sunan kamfani yakan kasance a gilashin tashoshi ko a gaban akwati, amma lambar samfuri ta fi shi amfani, ita kuwa sau da yawa tana ɓoye: a kwalin baya, a ƙasan akwati, a wata takarda da aka manna daga ciki, ko an buga ta a jikin shasi, wato farantin ƙarfen da kayan ciki ke zaune a kai. Da lambar ake nemo zanen wayoyin rediyon da shekarar fitowarsa. Masu gyara a Amurka sun dogara da kundayen Rider da takardun Sams Photofact da aka fara fitarwa a 1946, na Birtaniya kuma da takardun Trader. A yau shafin Radiomuseum a intanet ya tattara samfura masu ɗimbin yawa da hotunansu.

Wani lokaci sunan da ke gaba na kantin da ya sayar ne, wani kamfani daban ne ya ƙera. A nan shasi ne ke faɗin gaskiya.

Ƙiyasta shekara idan takarda ta ɓace

Siffar akwati tana ba da zamani a dunƙule. Na farkon shekarun 1920 da batir suke aiki, lasifikarsu a waje take mai kama da ƙaho, kuma da yawansu na da maɓallan murɗawa uku da sai an daidaita kowanne kafin a kama tasha ɗaya. Kamfanin Atwater Kent ma ya riƙa jera kayan a fili bisa allon katako ba tare da murfi ba. Daga wajajen 1927 rediyo mai aiki da wutar gida ya yaɗu. Farkon shekarun 1930 ya zo da akwatin katako mai lanƙwasasshen kai, wanda Philco 90 na 1931 ya fi shahara a cikinsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ƙananan akwatunan roba suka mamaye kasuwa, Jamusawa kuma a shekarun 1950 suka yi suna da manyan rediyoyin katako masu jerin maɓallan dannawa farare.

Gilashin tashoshi ya fi akwati taƙaita shekaru, musamman a rediyoyin Turai da ake rubuta sunayen tashoshi a kansu. Idan an ga Droitwich, wata tashar watsa shirye-shiryen BBC a Ingila, rediyon bai girmi 1934 ba. Sunayen National da Regional na BBC na shekarun 1930 ne. Na Light, shi ma na BBC, ya zo a 1945, na Third a 1946, kuma an bar waɗannan sunaye a 1967. Rediyon Birtaniya mai hatimin BBC da lambar rajistar hukumar gidan waya na tsakanin 1922 da 1924 ne, masu tarawa kuwa suna nemansa ƙwarai. A na Amurka, ƙananan alamomi biyu a kan lambobin 640 da 1240 na gilashin tashoshi na nuna an yi shi tsakanin 1953 da 1963, zamanin tsarin gargaɗin yaƙi na CONELRAD. Zangon FM da ke tsakanin megahertz 42 da 50 na kafin 1945 ne, shekarar da aka mayar da shi 88 zuwa 108, don haka irin wannan rediyo ba zai kama FM na yanzu ba ko da lafiyarsa ƙalau.

Su kansu bawul ɗin shaida ne. Manya masu ƙafafu huɗu ko biyar na zamanin farko ne. Masu ƙafa takwas da ɗan turke a tsakiya sun shigo a 1935, shekarar da aka fito da bawul ɗin nan mai koren haske da ke tsukewa idan tasha ta zauna daidai. Ƙanana na gilashi zalla masu ƙafa bakwai sun soma fitowa wajen 1940, masu ƙafa tara kuma a ƙarshen shekarun 1940. Lambar da ke jiki tana da ma'ana: a tsarin Amurka adadin farko shi ne ƙarfin wutar ɗumama bawul, a tsarin Philips da Mullard kuma harafin farko ne, inda E ke nufin volt 6.3. Jerin ECC85, ECH81, EF89, EABC80 da EL84 kusan tambarin rediyon Turai ne na tsakiyar shekarun 1950 zuwa gaba. Sai dai a kula, bawul abu ne da ake cirewa a sa sabo, saboda haka kwanan watan da ke jikinsa na iya zama na ranar gyara. Ramin da yake zama a ciki shi ne ba ya sauyawa. A kayan Amurka na bayan yaƙi akwai kuma lambobi a jikin lasifika da ke nuna kamfani, shekara da mako. 220, alal misali, lambar kamfanin Jensen ce.

Katako, Bakelite da Catalin

A nan ne kuɗi suke. Bakelite roba ce mai tauri da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, yawanci ruwan ƙasa ko baƙa, kuma haske ba ya ratsa ta. Catalin danginta ce, amma zuba ta ake yi a mazubi ba tare da gauraya garin katako ba, sai ta fito da launuka masu haske, da kauri, haske kuma yana ɗan ratsa ta. Launinta na sauyawa da shekaru: fari ya koma ruwan zuma, shuɗi ya karkata zuwa kore ko ruwan ƙasa. Tana kuma tsukewa, ta tsage a kusa da sukurori, zafin bawul ya bar mata tabon ƙuna a sama. Saboda haka wanda ya tsira ba tsaga ba ƙuna yana da wuyar samu. Rediyon kamfanin Fada na Amurka mai siffar harsashi na shekarun 1940 kayan cikinsa na talaka ne, irin wanda ke cikin dubban rediyoyi masu araha, amma akwatinsa na Catalin ya sa farashinsa ya ninka nasu sau da yawa.

Abin da ke ɗaga daraja

Zane da sunan mai zane su ne kan gaba. Ekco AD65 mai siffar da'ira, wanda Wells Coates ya zana ya fito a 1934. Sparton Bluebird mai fuskar shuɗin madubi na Walter Dorwin Teague. Braun SK4 na 1956, rediyo haɗe da garmaho, aikin Dieter Rams da Hans Gugelot: waɗannan masu tara kayan ado ma na zawarcinsu. Sai ƙarancin samu. Zenith Stratosphere 1000Z na tsakiyar shekarun 1930 yana da bawul 25, an sayar da shi dala 750, kuma kimanin 350 kacal aka ƙera. Tarihi ma na da nasa masu so, kamar VE301 da gwamnatin Nazi ta sa aka fitar a Jamus a 1933 kan Reichsmark 76, kuɗin Jamus na lokacin, ko da yake an yi shi da yawan da ya hana shi tsada sosai. Haka Bush DAC90A na 1950, kyakkyawa ne, ana son sa, amma ba ya wuyar samu.

Bayan haka sai cikar kayan asali. Maɓalli ɗaya da ya ɓata, kwalin baya da babu, gilashin tashoshi da rubutunsa ya goge, ƙyallen gaban lasifika da aka sauya, duk suna rage kuɗi. Wanda ya kankare fentin asali na akwatin katako ya shafa sabo mai walƙiya, sau da yawa ya rage masa daraja ne a idon masana. Ƙananan ramuka a katako da gari na zubowa alamar ƙwaro ne, kuma yana iya yaɗuwa zuwa sauran kaya.

Ko rediyo na aiki ko ba ya yi, wannan bai kai lafiyar akwati nauyi ba, domin kayan ciki na gyaruwa, tsagaggen Catalin kuwa ba ya komawa yadda yake. Manyan rediyoyi masu tsayawa a ƙasa, in ban da 'yan ƙalilan, sun fi wuyar sayarwa saboda nauyi da cin wuri. Ma'aunin da ya fi inganci shi ne farashin da aka riga aka sayar da irin samfurin a gwanjo, a yanayi makamancin nasa. Farashin da mai kaya ya rubuta buri ne kawai. Ƙungiyoyi irin su Antique Wireless Association a Amurka da British Vintage Wireless Society na da membobi da suka san kasuwar.

Kwaikwayo da haɗe-haɗe

Tun shekarun 1970 ake ƙera sababbin rediyoyi da siffar na 1930. Gane su ba wuya: ba nauyi, suna magana da zarar an kunna, suna da FM ko wurin kaset, a ciki kuma tiransisto ne. Wanda ya fi ruɗarwa shi ne akwatin asali da aka sa masa shasin wani samfuri, ko Bakelite ruwan ƙasa da aka fente da launin da ba a cika samu ba. Ramukan sukurori da ba su dace ba, da launin cikin akwati da ya saba da na waje, su ke tona asiri.

Haɗari kafin kunnawa

Kuskuren da ya fi lalata tsohon rediyo shi ne a jona shi da wuta don a ga ko yana aiki. Kwandansa, wato ƙananan kayan ciki masu riƙe cajin wuta, na takarda da kakin zuma suna yoyon wuta idan sun tsufa, manyan kwandansa masu tace wuta kuma suna bushewa, kuma ɗayansu na iya ƙona taransifoma ko bawul ɗin sauti cikin mintuna. Robar jikin wayoyi takan farfashe ta bar ƙarfe tsirara. Akwai kuma rediyoyi marasa taransifoma, irin tsarin bawul biyar na Amurka da aka jera 12SA7, 12SK7, 12SQ7, 50L6 da 35Z5 don jimillar wutarsu ta kai volt 121, kusan daidai da wutar gida ta can. A irin waɗannan shasin kansa na iya ɗaukar wutar da za ta kashe mutum, kuma wanda aka yi wa volt 110 zai ƙone idan aka ba shi 230. Wasu na da fallen asbestos, wani abu mai tare zafi, a kusa da wurin zafi, wanda ba a so a kankare shi ko a shaƙi ƙurarsa.

Masu gyara sukan fara sauya kwandansa, sannan su ba rediyon wuta a hankali ta cikin ƙwan fitila mai zare da aka jona a layi ɗaya da shi. Idan ƙwan ya haska da ƙarfi ya ƙi dusashewa, akwai matsala a ciki. A rediyo mai tsada, wasu kan ɓoye sabon kwandansa a cikin kwanson tsohon don kada kamannin shasi ya sauya, su kuma ajiye duk abin da suka cire a ba mai saye tare da rediyon.