Garatutin wanda aka kora a Indiya, waye ke da ikon riƙe shi?

Wato a Indiya da can garatuti kyauta ce kawai, in maigida ya ga dama ya sallame ka da wani abu, in bai ga dama ba shikenan. Jihar Kerala ce ta mai da shi doka a 1970, Bengal ta Yamma ta bi sahu a 1971, sai a 1972 aka yi dokar ƙasa baki ɗaya, wadda ta yi aiki har zuwa 2025. Ka cika shekara 5 a wurin aiki, za a lissafa maka albashin kwana 15 a kan kowace shekara.

To amma fa dokar ta bar ƙofa a sashe na 4(6). In an kore ka don ka jawo wa kamfani asara, daidai asarar za a cire, ba ƙari. In kuma tada tarzoma ne da duka, ko laifin da ya taɓa mutunci irin sata da zamba a bakin aiki, da farko kuɗin gaba ɗaya ke tafiya, sai a 1984 aka sassauta aka ce ana iya riƙe duka ko wani ɓangare.

Inda gizo ke saƙar shi ne waye zai ce ka yi laifin. A 2018, a shari'ar Union Bank of India, Kotun Ƙoli ta ce in laifin da ya taɓa mutunci ne, sai kotu ta same ka da laifi tukuna kafin a riƙe kuɗin, binciken cikin gida na banki bai isa ba. Ma'aikata suka ɗan sarara, ai kamfanoni da yawa ba sa ma kai ƙara, kora kawai suke yi.

Kwatsam a Fabrairun 2025 kotun dai ta ce a'a, dokar ba ta ambaci hukuncin kotu ba, kwamitin ladabtarwa ma ya wadatar. Ni dai wannan bai kwanta min ba, wanda ya kore ka shi ne alƙali kuma kuɗin a aljihunsa zai zauna. Sai dai wanda aka yi shari'ar a kansa ma ba kanwar lasa ba ne, ma'aikacin kamfanin haƙar kwal na Western Coalfields ne da ya rage shekarun haihuwa da takardar jabu ya samu aikin, shi kam ko sisi bai samu ba. A hukuncin guda akwai kwandastocin bas na jihar Maharashtra da suka sa 'yan kuɗin mota a aljihu, su kotu ta ce kashi 25 cikin 100 kawai za a riƙe, a ba su sauran.