Bafar Sauti a Kwamfuta

Bafar sauti ɗan gurbi ne a ma'ajiyar kwamfuta inda ake tara samfuran sauti, wato 'yan gutsattsarin sautin da aka mayar lambobi, kafin direba, manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'ura, ya miƙa su ga katin sauti ko na'urar da aka jona ta USB. Kwamfuta ba ta zuba sauti ɗigo-ɗigo. Cika bafa take yi, na'ura ta kwashe, ita kuma ta juya kan ta gaba. In ta makara, na'ura ta tarar da kwano wayam, sai a ji "ƙas" a lasifika ko sautin ya ɗauke na ƙiftawar ido. Masu amfani da manhajar sauti ta JACK a Linux suna kiran wannan xrun, manhajar FL Studio kuwa tana ƙirga su a shafin saitin sautinta.

Da yawan samfura ake auna bafa: 64, 128, 256, 512, 1024, har 2048. Jinkirin da take haifarwa lissafi ne mai sauƙi, a raba girmanta da yawan samfuran da ake ɗauka a daƙiƙa. A kan 44,100, wato ma'aunin faifan CD, bafa 256 tana jawo milisakan 5.8, 512 kuma 11.6 (milisakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa). A kan 48,000 da aikin bidiyo ya fi amfani da shi, 128 ba ta kai milisakan 3 ba. Wannan na hanya ɗaya ne. Muryar da ta shiga ta makirfo ta dawo kunne ta bi bafa biyu, ga kuma lokacin da na'urar kanta ke ci.

A nan ne ciniki yake. Ƙaramar bafa tana sa mai buga fiyano ya ji sauti da zarar ya danna, amma tana tsananta wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Babba tana ba ta sarari, sai dai mawaƙin da ke sanye da hedifon zai ji muryarsa tana biyo shi a baya, kuma ba wuya ya saki kiɗa. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa cikin iska, don haka jinkirin milisakan 10 tamkar tsayawa ne mita uku da rabi daga lasifika. Shi ya sa masu situdiyo kan sauko 128 ko 256 lokacin ɗaukar murya, su haura 1024 lokacin haɗa waƙa da tulin fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti. Fayil ɗin da aka fitar a ƙarshe bai damu da girman bafa ba, domin a nan kwamfuta ba ta tsere da agogo.

Direba ma yana da nasa rabo. A Windows an fi dogara da ASIO, wanda kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da shi a 1997 don kauce wa dogon layin sautin Windows. WASAPI, tsarin sautin Windows na kansa, ya zo ne tare da Windows Vista. Macintosh na da nasa tsarin, Core Audio. ASIO4ALL tana ceton wanda na'urarsa ba ta da direban ASIO nata, amma na kamfanin na'urar ya fi.

Ba kowane ƙas-ƙas ne laifin bafa ba. Direban Wi-Fi na iya riƙe furosesa, abin da manhajar LatencyMon ke tonawa. Haka in an ɗauke wuta laftof ta koma kan batir, takan rage gudun furosesa don tattalin caji, sai waƙar da ke tafiya lami lafiya a 256 ta fara kakkatsewa.