Dokar nakasassu ta 2018 da ginin da gurgu ba ya iya shiga

A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wariya ga nakasassu, wadda Majalisar Tarayya ta zartar a 2018. Sashen da ya fi shafar masu gini shi ne wanda ya bai wa duk wani ginin da jama'a ke shiga wa'adin shekara 5 ya gyara kansa, ta yadda mai keken guragu da makaho da kurma za su shiga su biya buƙatarsu ba tare da an ɗauke su a hannu ba. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ke nan ofishin gwamnati ko asibiti ko banki da har yau ƙofarsa matakala ce kawai ya saɓa wa doka.

Dokar ba ta tsaya kan mai gini ba. Ta ce kafin a amince da zanen ginin jama'a sai an duba an ga ya cika sharuɗɗa, kuma jami'in da ya sa hannu a zanen da ya saɓa zai iya fuskantar tarar naira miliyan 1, ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun. Wanda ya nuna wa nakasasshe wariya kuwa, idan mutum ne tararsa naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, idan kamfani ne naira miliyan 1. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a ɗauka cewa zuba siminti a gefen matakala ya wadatar. Akwai wani gini a Sabon Garin Zariya da aka yi wa irin wannan gangara bayan an gama shi. Tsayinta ya yi tsaye ƙwarai, ba ta da ƙarfen riƙewa, ƙasanta kuma ya ƙare daf da bakin lambatu. Mai keke ba ya iya hawa sai da mutum biyu, saukowa kuwa kasada ce. Ƙa'idar da masana gini suka fi bi ita ce duk tsayin mita 1 a ba shi gangarar mita 12, ƙofa ta yi faɗin da keke zai wuce, bayan gida ya samu wurin juyawa.

Wannan ne ya sa ake maganar tsara abu tun farko don kowa, tunanin da wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka mai suna Ronald Mace, wanda shi kansa a keken guragu ya yi rayuwarsa, ya yaɗa. Gangarar da aka zana da kyau tun kan takarda tana amfanar tsohuwa mai sanda, da mai juna biyu, da ɗan dakon da ya turo baro, kuma ta fi rushe gini daga baya araha.

Mai son ƙarin sani ya fara da dokar kanta, ba ta da tsawo, kuma ana samunta ta hannun Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa da aka kafa a 2020. Sai Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu da Najeriya ta amince da ita a 2010, musamman sashe na 9 da ya yi magana kan sauƙaƙa wa nakasassu shiga wurare. A nan Zariya, sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru wuri ne da ya dace a kai tambayar awo. A ganina dai, kafin a zuba kankare, gara a kira mai keken guragu ya gwada hanyar da kansa.