Ba kowane farin ruwa ba ne sanyi

Da wuya rana ta fito ta faɗi a ɗakin duba mata ban ji wannan magana ba: "Anti, sanyi ne ya dame ni, na sha magani har na gaji." Ko daga Agege matar ta zo, ko Idi-Araba, ko Mile 12, duk a nan Legas, kalmar ɗaya ce. Sai na zauna da tambaya: wane launi ne ruwan, yana wari, akwai ƙaiƙayi? A nan ake gane cewa mata biyar sun ce sanyi, amma kowacce da abin da ke damun ta, wata ma lafiyarta ƙalau.

Da ita wannan mai lafiyar zan fara. Gaban mace ba a halicce shi busasshe ba. Ruwa fari ko garai-garai, marar wari, marar ƙaiƙayi, shi ne wankan da jiki ke yi wa kansa. Yakan ƙaru a tsakiyar wata, ya yi yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, yakan kuma ƙaru idan an samu ciki. A cikin wurin akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke sa shi ɗan tsami-tsami, wannan tsamin ne ke hana masu cutarwa yaɗuwa. Yawancin matsalolin da nake gani daga kashe waɗannan masu gadi suke farawa.

Wanda ya fi kawo mata wurinmu shi ne mai ƙaiƙayi. Ruwan fari ne, mai kauri, guda-guda kamar kindirmon da ya tsinke, ba ya cika wari, amma susa har ta hana barci, ga raɗaɗi wajen fitsari ko saduwa. Wani nau'in naman gwari ne da likitoci ke kira kandida. Dama can yana jikinki a kwance, dama yake jira. Kusan mata 3 cikin 4 sai sun gamu da shi ko sau ɗaya a rayuwa, don haka ba abin kunya ba ne, ba kuma alamar maigida ya yi wani abu a waje ba. Abin da ke tashinsa: ciki, ciwon suga da ba a kula da shi ba, danshi, da kuma babban mai laifi, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mace ta ji ƙaiƙayi, ta aika yaro kemis ya sayo Ampiclox. Maganin ba ya taɓa naman gwari, masu gadin nan yake sharewa. Sati biyu ƙaiƙayi ya dawo ya fi na da, ta sake aikawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai zancen danshi, mu kuwa a Legas muke. Garin nan ko ba a ruwa jiki a jiƙe yake, balle damina da ke kai mu har Oktoba. Ga gidan haya, igiyar shanya ɗaya, maƙwabta maza na kaiwa da komowa. Kunya sai ta sa a shanya kamfai a bayan ƙofa ko ƙarƙashin zane, washegari a saka shi bai gama bushewa ba. Na san kunyar, ni ma da ita aka raine ni. Amma a nemi dabara: a shanya inda iska ke ratsawa, in akwai wuta a bi shi da guga. A zaɓi na auduga, a rage mai santsi da matsattsen wando a ƙarƙashin abaya. Audugar al'ada kuma kar ta wuni a jiki.

Akwai wani iri dabam: ruwa tsinkakke, toka-toka, mai ƙarni kamar kifi, musamman bayan saduwa. Shi wannan kusan kullum in na bi sawu sai na tarar da cusa abu. Wanke cikin gaba da sabulu ko Dettol, matsin alif, ruwan bagaruwa, haɗe-haɗen da ake tallatawa a waya da sunan gyaran jiki. Hajiyoyi, ku yi haƙuri da ni, waɗannan ba gyara suke ba. Tsarkin da muka saba da ruwa zalla ya isa, a waje kawai, daga gaba zuwa baya, a tsane jiki kafin a mayar da tufa.

Na ukun shi ne wanda ba a son faɗa. Ruwa ruwan ɗorawa ko kore-kore, wani lokaci da kumfa, ko mai kama da mugunya, tare da ciwon mara: wannan ta saduwa ake ɗaukarsa. Ana yawan ɗora wa banɗakin haɗaka laifi, amma da wuya ƙwarai tsugunawa a masai ta kawo shi. Idan an bar shi yana iya hawa ya toshe hanyar ƙwai, haihuwa ta gagara. Maganin mace ita kaɗai aikin banza ne. Sai maigida ya sha, in akwai abokiyar zama ita ma ta sha, duk a lokaci guda, ko da ba su jin komai.

Kowanne da maganinsa. Na mai ƙaiƙayi galibi na cusawa ne ko ƙwaya ɗaya ta sha, amma mai ciki kar ta sha ƙwayar sai da izinin likita. Na mai ƙarni dabam ne. Idan ƙaiƙayi na dawowa har sau 4 a shekara, a gwada suga. Zazzaɓi da ciwon mara, ko jini bayan saduwa, ko jini bayan al'ada ta ɗauke wa mace gaba ɗaya, waɗannan ba sa jiran gobe, don na ƙarshen biyun kan sa a duba bakin mahaifa saboda sankara.

Ƙaramin asibitin unguwarku ya isa a fara, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki gaba. Kina da damar neman mace ta duba ki, in Turanci ko Yarbanci na ba ki wuya ki tafi da 'yar uwa. Ranar da za ki je, kar ki wanke cikin gaba, kar ki cusa komai tun kwana biyu kafin nan, don ruwan da za a ɗiba a gwada ya nuna gaskiya. Ki kuma riƙo kwalayen magungunan da kika riga kika sha.